Taswirar Mai-Lalle

Da hantsi Matankaɗi, na'urar tantance kamun masunta, ya fara aiki, kamar kullum. Bel ɗinsa na roba ya ɗauko kamun farko daga bakin kwata, ya shige da shi cikin akwatin gilashi, fitilu shuɗɗa suka kama. Wata siririyar allura ta sauko ta tsinci nama a bakin hannu ɗaya, abin da bai kai ƙwayar gero ba. Kafin mutum ya gyara tsayuwa, na'urar ta gama karanta rubutun halittar da ke cikin naman.

"Hannu-takwas," in ji Matankaɗi, da muryar nan tasa mai sanyi. "Dangin 'yan tulu. Iri na biyar, Mai-lalle. Namiji. Kwale-kwale mai lamba ɗari biyu da sha biyu, Arzika Gungu. An kama a Gurbi na sha bakwai. Haka ne?"

"Haka ne," in ji Arzika. Ko ido bai ƙifta ba.

A jikin bangon kwata akwai taswirar teku, faɗinta ya kai na ɗaki uku. Wani ɗigo ja ya ƙara haske a can gabas. Arzika ya ɗauki kwandonsa ya matsa, na bayansa ya aza nasa.

Ƙarya ya yi. Rabonsa da Gurbi na sha bakwai, ai bai taɓa zuwa ba ma. Kuma shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan ƙarya kowace safiya, bayan ya yi sallar asuba a sahun gaba.

Sai an san Tudun Teku kafin a gane yadda dattijo mai furfura zai yi haka ransa bai ɓaci ba. Garin a kan ginshiƙan ƙarfe yake tsaye, tun da teku ta cinye tsohuwar gaɓa. Unguwa takwas, wata bisa wata. Masu hali suna sama inda iska take, masunta suna ƙasa inda ruwan wankin na sama yake ɗiga. Iyayen su Arzika daga Yawuri suka zo, lokacin da kogi ya ƙanƙance har akuya tana tsallake shi. Sun zo da taru da ƙugiya, teku ta nuna musu ba ta san waɗannan ba. Abin da ya cece su tulu ne. Hannu-takwas halitta ce marar ƙashi, mai son rami. Ka ɗaura wa tulu igiya ka saukar ƙasan ruwa, ta shiga ta ce ta sami gida, kai kuma ka jawo. Arzika bai taɓa sa ta a baki ba. Yakan ce abin da ba shi da ƙashi ba shi da ƙaya, ya bar wa 'yan sama. 'Yan sama kuwa suna rububinta, musamman Mai-lalle.

Dangin 'yan tulu iri biyar ne. Akwai Baƙa, wadda take ko'ina in dai akwai laka. Akwai Gajera, da ke laɓewa a gindin ginshiƙan gari. Mai-zobe tana gabas inda ruwa ke da sanyi, Fara kuma sai can cikin zurfi, ba kasafai ake ganinta ba. Ta biyar ita ce Mai-lalle. Bakin hannuwanta takwas ja ne wur, kamar ta kwana da ƙunshi, kuma matsotsanta, wato 'yan kofunan nan da take manne abu da su, sun fi na 'yan uwanta yawa da ƙanƙanta. Masana sun daɗe suna gardama a kanta. Wasu suka ce Baƙa ce kawai da ta ci jan ƙaguwa ta rine. Matankaɗi ne ya kashe gardamar a mako guda: iri ce mai zaman kanta. A wannan fanni, a faɗi gaskiya, na'urar ba ta taɓa kuskure ba. Ka ba ta tsoka ta gaya maka ko wace ce, har da kakanninta. Amma inda aka kamo ta, wannan sai ta tambaya.

To, a nan ne mutanen Yawuri suka zo da abin da ba su baro a kogi ba. A wurinsu masunci ba ya faɗin inda ya yi kamu. Ba rowa suke ɗaukarsa ba, tarbiyya ce. Ko surukinka ya tambaye ka, ka nuna masa yamma in gabas ka je, shi ma ya ce madalla, ya san ka yi masa ladabi. Da Hukumar Ruwa da Gini ta kafa Matankaɗi, ta san da wannan hali, sai ta ɗaura wa kowane kwale-kwale wata 'yar na'ura kamar sabulu, mai gaya wa Matankaɗi duk inda aka bi. Masunta suka sa mata suna 'yar-rakiya. Wata biyu suka yi suna kan Baƙa da Gajera kawai, kafin su gano yadda ake kwance ta ba ta yi kuka ba.

Daga nan Tunau ya sami sana'a. Tunau taubashin Arzika ne, ɗan gwaggonsa, mutum mai tumbi da son zama. Kullum da sassafe gidaje goma sha huɗu da suka san wurin Mai-lalle sukan tara 'yan rakiyarsu a kwale-kwalensa, ya tafi yawo da su. Ya ajiye wannan a kan tulun roba mai yawo bisa ruwa nan, ya kai waccan can, ya yi barci, kafin hantsi ya tattaro ya mayar wa kowa tasa. Makiyayin na'ura ake ce masa. Shi ya sa a taswira Mai-lalle take da gurbi arba'in, daga gabas har yamma. A ƙasan teku kuwa gurbinta ɗaya ne tak: Kufan Magina, wani ƙauyen masu ginin tukwane da ruwa ya binne da tulunansa dubbai. Dalilin ɓoyon ba wasa ba ne. Kamfanonin sama suna da jiragen shara marasa matuƙi, masu zuƙe ƙasan teku har yashi. Duk inda taswira ta yi ja, can suke zuwa. Shekara talatin suna sharar gurabe arba'in, suna komawa da laka, suna cewa masuntan nan asiri gare su.

Arzika yana wanke kwando a famfon kwata sai ya ji an ce, "Baba, ina kwana?"

Dakta Ramlatu ce, 'yar marigayi Nomau, abokinsa na ƙuruciya. A kwata ta girma, aka ɗauke ta karatu sama, yanzu ita ce mai kula da Matankaɗi. Littafin da ya ba ta digirin ma a kan Mai-lalle ta rubuta shi, yadda ta bazu a gurabe arba'in.

"Likitar kifi! Kin sauko ki ga talakawa?"

"Na sauko in yi muku albishir ne, Baba. An amince da Unguwa ta Tara, wadda za a kafa wa nata ginshiƙin a cikin teku. Kuma ba za a taɓa gurbin kowa ba, ni na tsaya a kan haka. Na ce Matankaɗi ya zaɓo wurin da babu rai, inda ba wanda ya taɓa kama ko ƙaguwa."

Ta ɗaga allonta ta nuna masa. A tsakiyar jajayen ɗigogi da shuɗɗa da koraye akwai wani fili baƙi, ba ɗigo ko ɗaya.

"Duba. Shekara talatin da ɗaya, kwale-kwale ko ɗaya bai taɓa tsayawa nan ba. Nan za a zuba harsashi. Nan da kwana arba'in."

Arzika ya dubi baƙin filin. Ya san shi kamar yadda ya san tsakar gidansa. Ruwan famfo yana zuba a ƙafarsa bai ji ba.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Allah ya yi albarka."

Bayan la'asar masu gidaje goma sha huɗu suka haɗu a rumfar gyaran igiya. Arzika ya faɗa musu. Jirgin ƙasa na unguwa ta uku ya wuce bisa kawunansu da ƙara.

"Sai mu faɗa," in ji Arzika.

Tunau ya yi dariya har tumbinsa ya girgiza. "Kai bawana, tsufa ya fara taɓa ka. Mu faɗa me? Mu ce ranka ya daɗe, shekara talatin muna kwance na'urar hukuma muna kai ta shan iska? Ka san hukuncin. Lasin kowa zai tafi. Ni kuwa da na yi kiwon, sai dai ku riƙa kai mini tuwo gidan yari."

"In an zuba siminti a Kufai, lasin me za ka yi da shi? Ka kama siminti?"

"Baƙa tana nan. Gajera tana nan. Ba mu mutu ba."

"Mai-lalle fa?"

"Mai-lalle 'yarka ce? Kai da ko ɗanɗana ta ba ka yi?" Tunau ya juya ga sauran. "Ku ji mini mutum. Teku ce fa. Ta ji ƙarar inji ta matsa gaba, ta sami wani ramin."

"Wane ramin, Tunau? Kai ne ka fi kowa yawo a tekun nan. Ka taɓa ganinta a wani wuri?"

Tunau ya ɗauki igiya ya shiga tufka. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka tuna suna da abin yi a gida.

Kwana uku Arzika yana juya maganar. Ba tausayin dabba ne kawai ya dame shi ba, shi ba mai irin wannan taushin zuciya ba ne. Abin da ya tsaya masa shi ne, akwai ƙa'idar da ubansa ya koya masa a Kufai: in ka jawo tulu ka ga an toshe bakinsa da ɓawon kawa, mai jego ce a ciki tana gadin ƙwai, ba ta ci ba ta sha har su ƙyanƙyashe, daga nan ta mutu. Irin wannan tulu a hankali ake mayar da shi, da hannu biyu. Ya mayar da irinsa ya fi sau dubu. Ya ga ba zai yiwu a ce duk wannan mayarwa don a tara wa siminti ya yi ta ba.

Rana ta huɗu ya sa rigar Juma'a ya hau lif zuwa unguwa ta shida. Ramlatu ta ba shi kujera, ta kawo shayi. Bai sha ba. Ya faɗa mata duka, daga kwance 'yar-rakiya har kiwon Tunau.

Ta ajiye nata kofin.

"Gurabe arba'in ɗin," in ji ta. "Nawa ne na gaskiya?"

"Babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta tashi ta je taga ta dawo. A kan kantar littattafai akwai littafinta mai jan bango. Ba ta dube shi ba, amma Arzika ya ga tana ƙoƙarin kada ta duba.

"Shekara shida na yi a kansa, Baba. Na rubuta cewa tana bin igiyar ruwan sanyi daga gabas. Na zana hanyar. Ana koyar da shi a makarantu. Ina zuwa kwata ina tambayarku, kuna ba ni labari, kuna cewa yarinyar nan akwai ƙwaƙwalwa." Muryarta ta sauka. "Har da Babana?"

Arzika ya sunkuyar da kai. "Gurbi na sha bakwai shi ya ƙago shi. Ranar sunanki. Mu a tsakaninmu Gurbin Ramla muke ce masa."

"Ya sa wa ƙarya sunana."

"Shi a ganinsa kyauta ya yi miki. Wurin da ba kowa, ba abin da zai same shi."

"Me ya hana ku gaya mini? Ni ba 'yarku ba ce?"

"Kin hau sama, 'yata. Wanda ya hau sama, in an gaya masa, aikinsa ne ya rubuta."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ɗauki jakarta. "Gobe da safe za ka kai ni. Kuma 'yar-rakiyarka tana jikin kwale-kwale."

Washegari suka fita rana tana tasowa. A karo na farko Matankaɗi ya ga kwale-kwale mai lamba ɗari biyu da sha biyu ya nufi baƙin fili. Ramlatu ta zo da Kwaɗo, wata 'yar na'urar nutso mai ido biyu da fitila. Ta jefa shi, suka sa kai a kan allo.

Da fari duhu ne kore. Sai ga katanga rusasshiya, sai murhun gashin tukwane, sai tuluna. Tuluna a jere, tuluna a kife, wasu bisa wasu har tsayin mutum, ciyawar ruwa ta lulluɓe su. Kusan kowane baki an toshe shi da ɓawon kawa, an jera tsaf kamar aikin magini. Lokacin jego ne. Kwaɗo ya matsa kusa da wani, sai wani siririn hannu mai jan baki ya leƙo ta kafa, ya shafa gilashin idonsa, ya tura shi baya a hankali, ya ja ɓawo ya rufe.

Ramlatu ta dafe baki. Shekara shida tana rubutu a kan halittar nan, ba ta taɓa ganinta a gidanta ba, sai a kan bel.

"Sun kai nawa?" in ji ta.

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Su ke nan dai. Duk duniya, iyakar sanina."

Aka sa ranar sauraro a zauren Hukuma. Injiniya Ɗantsoho ne shugaban aikin Unguwa ta Tara, mutum mai fara'a, wanda ya tashi da kansa ya ba Arzika ruwa. Muryar Matankaɗi tana fitowa daga bango.

Arzika ya maimaita abin da ya faɗa. Injiniya ya saurara har ƙarshe.

"Baba, na gode da gaskiyarka. Matankaɗi, me kake da shi a kan wannan bawan Allah?"

"Arzika Gungu ya ba da shaida sau dubu tara da ɗari huɗu da shida cewa ya kama Mai-lalle a gurabe arba'in. 'Yar-rakiyarsa ta tabbatar da kowace. Yau ya ba da shaida ɗaya da ta saɓa musu."

"To ka ji, Baba. Wanne Arzikan zan gaskata?"

"Na yau, ranka ya daɗe. Na jiya maƙaryaci ne."

"Maƙaryacin ne kuma ya zo yau."

Aka kira Tunau. Ya shigo da hula a karkace, bai dubi inda Arzika yake ba.

"Malam Tunau, an ce kana yawo da na'urorin mutane."

"Ni? Ranka ya daɗe, dube ni. Ni da ko tawa ban iya kunnawa ba? Taubashina ne, mun saba wasa, amma wannan wasan ya yi nisa. Tun da matarsa ta rasu kansa ke ɗan rawa."

Sauran sha biyun ma haka suka ce, kowa da irin tasa rantsuwar.

Sai Ramlatu ta miƙe ta sa hoton da Kwaɗo ya ɗauko. Tuluna, ɓawon kawa, jan hannun nan yana rufe ƙofa. Ta miƙa tsokar da Kwaɗo ya tsinto mata a Kufai, allura ta karanta.

"Mai-lalle ce," in ji Matankaɗi. "Hujja ta inganta. An karɓa."

Arzika ya saki numfashi, ya ce alhamdu lillahi a fili. A jikin bango, tsakiyar baƙin fili, ɗigo ja ya kama.

"An ƙara gurbi," in ji Matankaɗi. "Yanzu Mai-lalle tana da gurbi arba'in da ɗaya. Doka ta yarda a yi gini a mazaunin halitta in bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na yaɗuwarta ba. Wannan ɗaya ne cikin arba'in da ɗaya. Aiki yana iya ci gaba."

"A'a!" in ji Ramlatu. "A goge arba'in ɗin. Babu komai a cikinsu. Ni na rubuta su, ni nake cewa a goge."

"Ba a goge gurbi da magana," in ji Matankaɗi. "Sai an bincike shi shekara bakwai, rani da damina, ba a samu ba. Ƙa'ida ta goma sha ɗaya. Dakta Ramlatu Nomau ce ta tsara ta."

Ita ce kuwa. Ta tsara ta ne don kada wani kamfani ya wayi gari ya ce wuri babu komai, ya share shi.

Injiniya ya buɗe hannuwa. "Dakta, mutum dubu sittin ne ke kwana a matakala a garin nan suna jiran unguwar nan. In na tsaya shekara bakwai a kan maganar mutum ɗaya da abokansa goma sha uku suka ƙaryata, me zan gaya musu? Ni ban ce Baba ƙarya yake ba. Na ce takarda ba ta tare da shi." Ya juya ga Arzika, fuskarsa da alamar tausayi na gaske. "Kuma Baba, ka yi haƙuri. Ka amsa da bakinka cewa ka kwance na'urar hukuma. Dole lasinka ya tsaya."

A bakin lif Tunau ya tsaya kusa da Arzika. Ƙofa ta buɗe.

"Na ce maka kada ka faɗa," in ji Tunau, murya ƙasa-ƙasa. "Ina da jikoki tara, Arzika."

"Na sani. Ni na yi musu huɗuba."

Arzika bai shiga lif ɗin ba. Ya bi matakala, hawa shida, yana tsallake masu shimfiɗa.

Jiragen shara ne suka riga masu gini. Ɗigo ya yi ja a taswira, su kuwa aikinsu ke nan. Kwana biyu suka yi a Kufai. Unguwar sama ta yi mako guda ana cin Mai-lalle har a rumfunan bakin titi, abin da ba a taɓa yi ba. Matankaɗi ya yi ta kira: mace, da ƙwai. Mace, da ƙwai. Ramlatu ta kashe lasifikar kwata da hannunta, amma bel bai tsaya ba. A rana ta arba'in manyan bututu suka sauka, siminti mai daskarewa cikin ruwa ya kwarara kwana tara. Yara suna zuwa kallo. An ce ginshiƙin Unguwa ta Tara ya fi kowanne ƙarfi, don ƙasan wurin da tauri, fasassun tukwane sun riƙe harsashi.

Tunau ya daina kiwo, tun da babu abin ɓoyewa. Gidaje goma sha uku suka koma kan Baƙa da Gajera, 'yar-rakiyar kowa a jikin kwale-kwalensa. Yanzu in Matankaɗi ya ce haka ne, gaskiya suke amsawa. Ba wanda ya sake kawo Mai-lalle.

Ramlatu ba ta bar aiki ba. Ta shigar da buƙatar binciken shekara bakwai, aka amince, har aka yaba mata. Doka ta ce dole mai binciken ya tafi da ja-gora wanda ya fi kowa sanin guraben. Aka tambayi Matankaɗi wane ne. Ya duba shaidunsa ya ce Arzika Gungu.

Haka Arzika ya koma teku, da rigar hukuma mai ruwan lemo, a jirgin hukuma mai tuƙa kansa. Aikinsa ya saukar da tulu hamsin a wurin da ya san babu komai, bayan kwana uku ya jawo, ya nuna wa idon na'ura cikin kowanne. An fara daga Gurbi na ɗaya. Wata na biyar aka iso na sha bakwai, ranar kuwa Ramlatu ta ce za ta bi shi.

Ruwan wurin shuɗi ne, kwance, ba ko tsuntsu. Daga nesa ana hango Unguwa ta Tara ta kai hawa na goma, ƙarafa suna walƙiya.

"Nan ne?" in ji ta.

"Haka na'ura ta ce. Ni ma yau na fara ganinsa."

"Yana da kyau."

"Babanki bai taɓa zuwa ba. Da yatsa ya nuna a takarda."

Ya kama igiya ya fara ja. Tulu na farko, yashi. Na biyu, yashi da wata 'yar ƙaguwa. Yana juya kowanne ga idon na'ura, murya tana cewa babu, an rubuta. A na talatin da wani abu ya ji hannunsa ya tsaya da kansa. Ɓawon kawa ne a bakin tulun. Ramlatu ta miƙe har jirgin ya karkata. Arzika ya riƙe tulun da hannu biyu, ya sa yatsa ya taɓa ɓawon a hankali.

Ya faɗa ciki. Guda ɗaya ne, igiyar ruwa ce ta kawo shi. Tulun fayau.

"Babu," in ji na'ura. "An rubuta. Saura shekara shida da wata bakwai."

Da suka dawo kwata da yamma, 'yan makarantar unguwa ta biyar sun zo ziyara, malamarsu tana tsaye gaban taswira da sanda. Gurbin Kufai an riga an cire shi, tun da gini ya hau kansa. Sauran suna nan suna haske, ja wur, daga gabas har yamma.

"Wannan ita ce Mai-lalle," in ji malamar. "Garinmu ya yi gini bai cutar da ita ba. Wa zai ƙirga mini gurabenta?"

Yara suka haɗa baki suna ƙirga. Arzika ya tsaya da igiya a kafaɗa yana jin su, ɗaya bayan ɗaya, har suka kai arba'in. Ba su tsallake ko ɗaya ba.